Waƙar Da Aka Ɗauka Ta Bege Ce: Tarihin Wata Waƙar R.E.M. Da Masu Sauraronta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa rubuta waƙa ko labari ya sake shi ga jama'a, ya san akwai ranar da wani zai tare shi ya yaba masa a kan abin da bai faɗa ba, ko kuwa ya zarge shi a kan abin da bai nufa ba. Wannan matsala daɗaɗɗiya ce, kuma ba ta ƙyale marubutan kowace al'umma ba. Ta fi fitowa fili a fagen waƙar da ake rerawa, domin ita da kunne ake karɓarta, shi kuwa kunne ba ya komawa baya kamar yadda ido kan koma kan layin da ya wuce.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wata waƙar Turanci mai suna "The One I Love", wadda ƙungiyar mawaƙan nan ta Amurka mai suna R.E.M. ta fitar a shekarar 1987. Ɗimbin masu sauraro sun ɗauke ta waƙar bege, har suna sa a gai da masoyansu da ita a gidajen rediyo, alhali kuwa wanda ya tsara baitocinta cewa ya yi waƙa ce a kan mutumin da ke amfani da mutane yana yar da su. Za mu duba inda ƙungiyar ta fito, da irin kunnen da ta saba wa masu sauraronta da shi, da zubi da tsarin waƙar, da abin da ya biyo baya. Manufa ita ce mu gano inda aka yi saɓani tsakanin mai waƙa da mai sauraro, sa'annan mu ga abin da marubuci zai ɗauka daga ciki.

Asalin Kiɗan Indi

Kalmar "indi" gutsure ce daga wata kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai. Da farko suna ne na hanyar kasuwanci, sai daga baya ya zama sunan salon kiɗa. A cikin shekarun 1970, wasu manyan kamfanoni ƙalilan, irin su CBS da Warner da EMI da RCA, su ke riƙe da harkar buga faifai da rarraba shi a Amurka da Ingila. Mawaƙin da bai sami shiga wajensu ba, da wuya muryarsa ta wuce unguwarsu. A watan Janairu na 1977 wasu samari na birnin Manchesta da ake kira Buzzcocks suka ranci kuɗi wajen dangi da abokai, suka buga ƙaramin faifansu da kansu, kuma ya sami kasuwa. Wannan ya buɗe wa wasu ido. A ƙarshen shekarun 1970 ƙananan kamfanoni irin su Rough Trade a Landan da Factory a Manchesta suka fara fitar da faifai, kuma a 1980 aka soma buga jadawalin ciniki na musamman domin faya-fayan irin waɗannan kamfanoni a Ingila.

A Amurka kuwa, ƙasa mai faɗin gaske, gidajen rediyon jami'o'i ne suka riƙe wannan harka. Ƙananan tashoshi ne waɗanda ɗalibai ke gudanarwa, kuma da yake ba da talla suke rayuwa ba, sukan sa waƙoƙin da manyan tashoshi ba za su ko kalla ba. Shi ya sa a wancan lokaci aka fi kiran wannan kiɗa da sunan rok na kwaleji. Masu sauraronsa ba su da yawa, amma suna da naci. Sukan sayi faifai su zauna su saurare shi daga farko har ƙarshe, su maimaita, su karanta ƙananan mujallun da ake bugawa a kansa, su yi musayar kaset a tsakaninsu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan siffa tasu, domin za ta yi mana amfani a gaba.

Samari Huɗu Daga Athens

Athens ƙaramin gari ne a jihar Jojiya ta kudancin Amurka, sunansa ɗaya da babban birnin ƙasar Girka, kuma a nan Jami'ar Jojiya take. A nan ne Michael Stipe, ɗalibi mai koyon zane-zane, ya haɗu da Peter Buck, wanda ke aiki a wani shagon sayar da faifai mai suna Wuxtry. Daga baya suka gamu da Mike Mills da Bill Berry, waɗanda suka san juna tun daga garin Macon. Stipe ne ke rera waƙa, Buck na kaɗa jita, Mills na kaɗa jita mai kaurin amo, Berry kuma na kan ganguna. Sun yi wasansu na farko ranar 5 ga Afrilu, 1980, a cikin wani tsohon coci da aka daina ibada a cikinsa, wajen bikin zagayowar ranar haihuwar wata ƙawarsu. Sunan ƙungiyar a ƙamus aka tsinto shi. A wajen likitoci, waɗannan haruffa uku suna nufin wani mataki na barci da ido ke motsi da sauri a cikinsa, wato lokacin da aka fi yin mafarki.

Tun daga farko suka yi yarjejeniya cewa kowace waƙa da sunan su huɗun za ta fita, ko da wa ya kawo ta. Duk da haka, tsara kalmomi galibi aikin Stipe ne, sauran ukun kuma su ji da kiɗa.

A 1981 wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Hib-Tone ya buga musu waƙar "Radio Free Europe", kwafi 1,000 a bugun farko. Gidajen rediyon jami'o'i suka rungume ta, jaridar New York Times kuma ta sa ta cikin waƙoƙi goma da suka fi fice a shekarar. A 1982 babban kamfanin RCA ya neme su, amma suka zaɓi I.R.S., ƙaramin kamfanin da Miles Copeland ya kafa a 1979, wanda ke neman mawaƙansa da kansa, amma yana jingina da manyan kamfanoni wajen rarraba kaya. Shekaru da dama bayan haka, a 2010, Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa wannan waƙa tasu ta farko cikin jerin faya-fayan da ƙasar ke adanawa domin tarihi, bisa dalilin cewa ita ta share hanyar da kiɗan rok na indi ya bi ta kan rediyon jami'o'i.

Shekarun Magana Ƙasa-ƙasa

Kundin waƙoƙinsu na farko, Murmur, ya fito a watan Afrilu na 1983. Ma'anar sunan ita ce magana ƙasa-ƙasa, kuma sunan ya bi jiki. Wajen ɗaukar sauti ba a ɗaga muryar Stipe sama da kayan kiɗa ba, an bar ta a tsakiyarsu kamar ita ma ɗaya ce daga cikinsu. Shi kansa yakan ja wasali ya haɗiye baƙi, ya fara jimla ya sake ta ba ta ƙarasa ba. Daɗin daɗawa, ba su buga kalmomin waƙoƙin a jikin kwalin faifan ba, kamar yadda mawaƙa da yawa kan yi. Har wasu suka yi wa kundin laƙabi da wata kalmar Turanci mai kama da sunansa, wadda ke nufin magana ciki-ciki. Daga baya Stipe da bakinsa ya faɗa cewa da yawa daga waƙoƙinsu na farko ba su da tsayayyun kalmomi, amo ne kawai yake bi.

Wannan bai hana kundin karɓuwa ba. Ya kai matsayi na 36 a jadawalin ciniki na mujallar Billboard, mujallar Rolling Stone kuma ta zaɓe shi kundin da ya fi kowanne a 1983, a shekarar da Thriller na Michael Jackson ke cin kasuwar duniya.

Abin lura a nan shi ne irin tarbiyyar da wannan salo ya yi wa masu sauraro. Na farko, ya mai da masoyan ƙungiyar na haƙiƙa mafarautan kalmomi: sukan mai da allurar garmaho baya sau da dama, su rubuta abin da suke zaton sun ji, su gwada da na abokansu. Na biyu, ya koya wa kowa cewa a waƙar R.E.M. ma'ana ta mai sauraro ce, abin da ka ji shi ne naka. Ƙungiyar ba ta hana wannan fahimta ba, hasali ma ta ji daɗinta.

To amma daga 1986 abubuwa suka fara sauyawa. Don Gehman, wanda ya jagoranci ɗaukar kundinsu na huɗu, Lifes Rich Pageant, ya matsa wa Stipe ya buɗe baki ya furta kalmomi sosai, ya kuma riƙa tambayarsa abin da yake son faɗa. Jigogin waƙoƙin suka karkata ga muhalli da siyasa. A 1987 suka tafi birnin Nashville tare da Scott Litt suka ɗauki kundi na biyar, Document. A cikinsa akwai waƙar da ta tono zamanin Sanata Joseph McCarthy mai farautar 'yan gurguzu, akwai kuma wadda ta taɓo katsalandan ɗin Amurka a ƙasashen Amurka ta Tsakiya a zamanin Shugaba Ronald Reagan. Murya ta fito sarari, kowace kalma ana jin ta. A cikin wannan kundi ne, wanda Stipe ya fi yin magana a fili, aka sami waƙar da aka fi yi masa gurguwar fahimta a kanta.

Zubi Da Tsarin Waƙar

Waƙar gajera ce, minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Tana da baiti uku, kowane baiti ɗango huɗu, kuma ɗangon farko shi ne ke dawowa a matsayin na huɗu. Baiti na biyu maimaicin na farko ne. Amshinta kalma ɗaya ce tak mai nufin wuta, wadda Stipe ke kurma ihu da ita yana jan ta. Idan aka ƙirga kalmomin waƙar duka ba tare da maimaici ba, ba za su wuce talatin ba.

Ɗangon farko an gina shi ne da siffar sadaukarwa, wato irin furucin da mai gabatar da shirin zaɓi-sonka kan yi idan zai miƙa waƙa ga wani. Wannan al'ada tana da ƙarfi a rediyon Amurka. Alal misali, shahararren shirin nan na mako-mako na Casey Kasem ya kasance yana da sashe na musamman da ake karanta wasiƙar mai sauraro a sa waƙa domin wani nasa da ke nesa. Saboda haka kunnen Ba'amurke ya san wannan ƙofa, da ya ji ta ya san ɗakin da take kaiwa. Ɗango na biyu ya nuna cewa an tafi an bar wanda ake wa sadaukarwar, abin da mai sauraro zai iya ɗauka a matsayin kewa. A ɗango na uku ne mai magana ya tona kansa. Ya kira masoyin nasa da kalmar da Turawa ke kiran kayan da ake ajiyewa a dandamalin wasan kwaikwayo da ita, kamar kujera ko tulu, ya kuma nuna cewa amfaninsa kawai shi ne rage masa zaman banza. A baiti na uku sai aka ɗan taɓa wannan ɗango, aka nuna cewa an riga an sami wani ya maye gurbin na farkon. Da wannan ɗan sauyi labarin ya cika: mutumin ya saba, kuma zai sake.

Ke nan waƙar yabo ce a baki, zambo a ciki, kuma wanda zambon ya fi kamawa shi ne mai maganar kansa. Salon ba sabo ba ne a adabin Ingilishi. Tun a 1842 Robert Browning ya buga waƙar da wani basarake ke nuna wa baƙonsa hoton marigayiyar matarsa cikin ladabi da nutsuwa, mai karatu kuma yana gane wa kansa, daga maganar basaraken, cewa shi ya sa aka kashe ta. Marubucin bai fito ya yi wa'azi ba, ya bar mugu ya yi magana har ya kama kansa. Bambancin shi ne, Browning a takarda ya yi nasa, inda ido ke da damar komawa baya.

Sai mu yi lissafi. Ɗangon sadaukarwa ana rera shi sau shida, shi ne farkon abin da kunne ke ji a kowane baiti, shi ne na ƙarshe, kuma daga cikinsa aka ciro sunan waƙar. Ɗangon da ke ɗauke da dafin sau uku kawai yake zuwa, a tsakiya, a wurin da hankali ya fi saurin zamewa. Amshi kuwa, wanda a al'ada nan ne mawaƙi ke jaddada jigonsa, bai ce kome ba game da so ko ƙi. Kalmar wuta tana iya zama wutar bege, tana iya zama ta hasala ko ta hallaka. Bugu da ƙari, sunan waƙar a Turanci bai bambanta namiji da mace ba. Da Hausa dole mu zaɓa, ko "wanda nake so" ko "wadda nake so", amma Turanci ya bar ƙofar a buɗe, saboda haka saurayi da budurwa kowa na iya ɗaukar ta ya aika.

Abu ɗaya da ba za a ɗora wa laifi ba shi ne kiɗan. Ba shi da taushi ko kaɗan. Jitar Buck tana da kaifi da duhu, gangunan Berry suna da nauyi, ihun amshin kuma ya fi kama da na wanda ya ga gobara. Kiɗan ya faɗi gaskiya. Amma ɗango guda da aka sa a bakin ƙofa ya rinjayi kiɗa da sauran baiti gaba ɗaya.

Yadda Jama'a Suka Karɓe Ta

An fitar da waƙar a watan Agusta na 1987. Ta haura har matsayi na 9 a jadawalin waƙoƙi ɗari na Billboard, karo na farko ke nan da R.E.M. ta shiga cikin goman farko. Kundin Document shi ne nasu na farko da cinikinsa ya kai kwafi miliyan ɗaya. A watan Disamba na shekarar mujallar Rolling Stone ta sa hotonsu a bangonta, ta kira su ƙungiyar rok da ta fi kowace a Amurka. A Ingila waƙar ba ta yi nisa ba a karon farko, sai da aka sake fitar da ita a 1991 ta kai matsayi na 16.

Wannan nasara ita ce ta sauya masu sauraron. Waƙar ta fita daga ɗakunan kwanan ɗalibai ta shiga manyan tashoshi, inda ake jin waƙa a cikin mota, ko a kanti, ko ana aikin gida, tsakanin talla da rahoton yanayi. Mai irin wannan sauraro ba ya farautar kalmomi. Yana kama suna, ya kama ɗangon farko, ya kama amshi, ya wuce. Tsofaffin masoyan ƙungiyar, waɗanda shekarun magana ƙasa-ƙasa suka koya wa kasa kunne, ba su sha wahalar jin ɗango na uku ba. Sababbin ne suka riƙa buga waya gidajen rediyo suna neman a sa wa masoyansu ita. Peter Buck ya ba da labarin yadda yakan duba cikin taro idan suna kaɗa ta, ya hangi masoya sun rungumi juna, abin yana ba shi mamaki.

Shi kuwa Stipe, amsa biyu ya bayar a cikin 'yan watanni. A hirarsa da Rolling Stone a 1987 ya ce shi dama ya saba barin ƙofar fassara a buɗe, kuma a halin da ake ciki wataƙila ya fi kyau mutane su ci gaba da ɗaukar ta waƙar soyayya. A fitowar mujallar Musician ta Janairun 1988 kuwa, ya ce waƙar tana da tsananin mugunta, kuma a bayyane yake cewa a kan amfani da mutane take, sau da sau. Waɗannan amsoshi biyu sun nuna halin da marubuci kan shiga idan aikinsa ya yi farin jini bisa kuskure: yana son a fahimce shi, ba ya kuma son ya tsinka waɗanda suka karɓe shi hannu bibbiyu.

Ba R.E.M. aka fara yi wa haka ba a waɗannan shekaru. A 1983 waƙar "Every Breath You Take" ta ƙungiyar The Police ta yi mako takwas tana kan gaba a Amurka, ta zama waƙar da ake sawa a bukukuwan aure, alhali Sting da ya rubuta ta ya sha faɗin cewa a kan kishi da sa-ido take. A 1984 waƙar "Born in the U.S.A." ta Bruce Springsteen, wadda ke ba da labarin tsohon sojan yaƙin Biyetnam da ya dawo gida ya rasa madafa, ta zama tamkar taken alfahari da ƙasa saboda ƙarfin amshinta, har Shugaba Reagan ya ambaci sunan mawaƙin a jawabin neman zaɓe a jihar New Jersey a watan Satumba na shekarar. A duka ukun abu ɗaya ne ya faru, wato abin da aka fi maimaitawa ya danne abin da aka faɗa a tsakiya.

Karo Na Biyu: Karin Magana Ya Bar Gida

A 1988 R.E.M. ta bar I.R.S. ta koma babban kamfanin Warner, saboda rashin gamsuwa da yadda ake rarraba faya-fayanta a ƙasashen waje. Daga nan ta daina zama ƙungiyar indi ta fuskar kasuwanci, ko da yake ba ta sauya hali ba. A watan Fabrairu na 1991 ta fitar da "Losing My Religion", wadda aka gina a kan mandolin, wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya takwas da Buck ke koyon kaɗawa a lokacin. Ta kai matsayi na 4 a Amurka, mafi girma da ƙungiyar ta taɓa samu a can, ta kuma ci lambobin Grammy biyu a 1992.

Wanda ya ɗauki sunan waƙar kalma da kalma zai ce magana ake a kan barin addini, kuma haka mutane da yawa suka ɗauka, musamman a wajen Amurka. Alhali a bakin mutanen kudancin Amurka, inda mawaƙan suka fito, wannan furuci karin magana ne mai nufin haƙurin mutum ya ƙare, ya kai maƙura. Kamar dai baƙon da ke koyon Hausa ne ya ji an ce wance ta yanke jiki ta faɗi, ya tashi neman wuƙar. Stipe ya bayyana cewa waƙa ce ta son-maso-wani, ta mutumin da bege ya dame shi ya kasa furtawa, har ya kwatanta ta da waccan waƙa ta The Police. Sai dai hoton bidiyon da Tarsem Singh ya shirya mata cike yake da siffofin mala'iku da waliyyan Kirista irin na tsofaffin zane-zanen Turai, kuma ya ci lambobi shida a bikin MTV na 1991. Hoton ya ƙara wa waccan fahimta ƙarfi. Ga shi dai a 1987 an ɗauki waƙar cin amana a matsayin ta bege, a 1991 kuma an ɗauki waƙar bege a matsayin ta addini.

Ƙungiyar ta daɗe ba ta yarda ta buga kalmominta ba. A kundin Green na 1988 waƙa ɗaya kawai aka buga kalmominta. Sai a kundin Up na 1998, bayan Bill Berry ya yi murabus a 1997, aka fara buga su duka. Ƙungiyar ta sanar da watsewarta ranar 21 ga Satumba, 2011.

Wa Ke Da Gaskiya?

Masana adabi sun daɗe suna wannan muhawara. A 1946 wasu Amurkawa biyu, W. K. Wimsatt da Monroe Beardsley, suka rubuta cewa niyyar marubuci ba ita ce ma'aunin da za a auna waƙa da shi ba. A 1967 Roland Barthes na Faransa ya ƙara gaba, ya ce da zarar rubutu ya fita, mai karatu ne ke haɗa ma'anarsa. Wasu kan fake da wannan su ce kowace fassara daidai ce. Tarihin wannan waƙa bai goyi bayan haka ba.

Waɗanda suka ɗauke ta ta bege sun yi kuskure, kuma ba don Stipe ya ce sun yi ba. Da ma a ce bai taɓa yin hira da kowa ba, ɗango na uku yana nan, sauyin baiti na uku yana nan, duk wanda ya koma ya saurara zai same su. Fassarar da ba ta tsayawa sai an toshe kunne daga kashi ɗaya cikin huɗu na kowane baiti, ba ta kai ta fassarar da ta ɗauki baitin duka ba. Hujja tana cikin matani, a nan ake yanke hukunci.

Amma kuma bai dace a raina masu sauraron ba. Abin da aka miƙa musu suka karɓa. An yi musu sallama da muryar masoyi, an maimaita ta sau shida, an rubuta ta a kan faifai, an kuma aiko musu da ita ta rediyo, inda ba a tsayar da waƙa a sake ji. Daɗin daɗawa, ƙungiyar da kanta ta yi shekaru tana koya wa mutane cewa abin da suka ji shi ne nasu. Akwai ma'anar waƙa, akwai kuma amfanin da jama'a ke yi da ita. Ta farko tana cikin kalmomi, ana iya kafa hujja a kanta. Na biyu kuwa yana hannun jama'a, kuma babu hirar jarida da za ta ƙwato shi.

Kammalawa

Marubucin da ke son ya sa mugu ya yi magana da bakinsa, ko ya lulluɓe zambo da rigar yabo, yana da 'yancin yin haka, kuma adabi zai yi asara babba idan aka daina. Sai dai ya shiga da idonsa biyu. Ya tabbata ya dasa hujjarsa a cikin aikin kansa, yadda mai nazari zai same ta ko bayan ransa, domin ba zai bi kowane kwafi gida-gida yana bayani ba. Ya san cewa suna da layin farko da abin da ake maimaitawa sun fi sauran sassa nauyi a kunnen jama'a, saboda haka abin da ya ajiye a waɗannan wurare shi za a fi tafiya da shi. Ya tambayi kansa ta wace hanya aikin zai isa ga mutane, a karanta ne cikin nutsuwa ko a ji shi ana tafe. Ya kuma tuna cewa karin maganar garinsu yana iya komawa wani abu dabam idan ya ƙetare iyaka. Wanda ya yi duk wannan, sa'annan aka sami wasu suka tsaya a bakin ƙofa, to ya sauke nauyin da ke kansa. Ɗango na uku na waƙar 1987 yana nan inda aka ajiye shi, yana jiran duk wanda ya sake kasa kunne.